Macijin littafin Hajo ya zo rudun albasa

Jama'a, da ƙyar nake rubutun nan.

Kwanaki na sayo wa ɗiyata Hajo littafin hotunan dabbobi a kasuwar Bodinga. Shekararta huɗu. Akwai wani koren maciji a ciki, da 'yar hularsa, yana murmushi. Duk littafin shi ta fi so, kullum sai ta shafa shi ta gaishe shi.

Yau da hantsi ina tankaɗe, ta shigo da gudu ta ɗauki littafin.

Na ce, "Ina za ki?"

Ta ce, "Inna, abokina ya zo, shina cikin rudu."

Sai da ta fita na ankara. Rumfar ajiyar albasa, wane aboki ne a can?

Na bi ta. Na iske ta tsugune, ta buɗe littafi tana nuna wa kububuwa hoton. Kububuwa ta gaske, a naɗe kan albasa! Tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba.

Zan yi ihu, kakarta da ta biyo bayana ta damƙe min hannu ta raɗa min, "Kul, igiyar ƙasa ba ta son hayaniya." Sai ta sassauta murya ta ce, "Hajo, taho ki gwada mini giwa."

Yarinya ta taso da littafinta. Na rungume ta. Babanta ya zo da sanda ya gama aiki.

Yanzu haka kuka take. Wai hular babanta ta so ta kai wa abokin nata, tunda shi ba shi da ita.