Agogon Landan a Ofishin Malamai

Shekara goma sha tara ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke unguwar Dutsen Kura a Minna, kuma ba a taɓa kaɗa ƙararrawar safe ina waje ba, duk da cewa daga Kpakungu nake tasowa. Saboda wannan hali, wanda wasu ke kira kirki wasu kuma ciwo, aka damƙa mini jadawalin jarrabawa.

Da can a allo ake rubuta wanda zai tsare kowane aji, kuma duk malamin da ranarsa ba ta yi masa ba, sai kafaɗarsa ta gogi sunansa yana wucewa, bisa kuskure. Ni na kawo gyara. Na ce zan riƙa shigar da komai a kalandar kwamfutar ofis, wata 'yar gwanjo mai gurnani kamar injin niƙa, kowa ya gani a wayarsa. Wata shida abin yana tafiya sumul.

Ranar Litinin ɗin da aka fara jarrabawar ƙarshen zangon farko, ɗalibai suka zauna ƙarfe tara. Malamai suka iso ƙarfe goma, kowa riƙe da waya kamar mai kai shaida kotu. Kwamfuta ta ce tara, wayoyi duka sun ce goma, har da tawa.

Shugabar makarantar, 'yar kudancin Kaduna ce, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ce, "Malam, ni ba alƙali ba ce tsakanin na'ura da na'ura. Gobe ni zan faɗi lokaci da baki. Zuwa Laraba in ba su shirya ba, a koma allo, malamin lissafi ya karɓi jadawalin."

Malamin lissafin Banufe ne, ni Bakatsine, ga wasan da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni. Ko fita ba ta yi ba ya ce, "Bawana, miƙo wa ubangidanka kayansa. Ku Katsinawa boko ya yi muku yawa, har agogo kun koya wa ƙarya."

Na ce masa ya tanadi allinsa, tsadarsa ake yi.

Na yi duk abin da ake yi. Na kashe waya na kunna. Na cire kalandar na mayar. Na sayi data. Mai gyaran waya a kasuwa ya juya tawa sau biyu, ya ce matsalar sabis ce, amsar da yake bai wa kowa, har wanda gilashin wayarsa ya fashe. Washegari na sake shigar da jarrabawa ɗaya don gwaji: tara a kwamfuta, goma a waya. Saƙon yana isa, ba ya ɓata, amma sai ya tsufa da awa ɗaya a hanya. A bayana kuwa malamin lissafi yana ja wa allo layuka da rula, yana fito.

Sai na yi abin da nake sa ɗalibai yi in taswira ta rikita su: na koma baya in ga inda layi ya karkace. Taron malamai na Satumba daidai yake a waya. Na tsakiyar Oktoba ma haka. Daga ƙarshen Oktoba ne komai ya goce, ba wanda ya lura, don taronmu dama ba a fara shi sai an cika.

A nan na tuna. Wata safiya a lokacin na tarar agogon kwamfutar ya yi baya da awa ɗaya. Na ɗora laifin a kan ɗaukewar wuta, wadda ta saba ɗaukar laifin kowa a garin nan, na tura shi gaba da hannu kamar agogon bango, na hana shi gyara kansa, na tafi aji ina jin na yi aiki.

Na buɗe wurin da ake zaɓar yankin lokaci. Landan. Kwamfutar ta yi shekaru tana shan zafin Minna, amma a zuciyarta ba ta taɓa barin gida ba. Rabin shekara agogonsu da namu ɗaya ne, in sanyi ya shigo musu sai su ja nasu baya da awa guda. Ƙarfe tara na can ita ce goma ta nan, wayoyin gaskiya suka faɗa. Wannan darasi ni nake koyar da shi duk shekara, da ƙwallon duniya a hannu, har ina rage wa yara maki a kansa.

Na mayar da ita Afirka ta Yamma, na saita agogon, na bi jarrabawa talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya ina dawo da su. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Tara.

Ranar Laraba, tara saura kwata, kowane aji da malaminsa a bakin ƙofa. Shugaba ta zaga sau ɗaya, ta dubi agogon hannunta, ta ce, "Malam, ci gaba da riƙon abinka." Ba ta tambayi wanda ya taɓa agogon ba, ni kuma ban ga dalilin ɗora mata nauyin sani ba.

Malamin lissafi yana tsaye gaban allonsa, layuka sun miƙe tsaf, ba suna ko ɗaya a ciki. Na miƙa masa dasta na ce, "Ranka ya daɗe, goge a hankali, kada ƙura ta shiga kwamfutar."