An Koya Mana Kwancewa

Har yau in warin busasshiyar citta ya haɗu da na baƙin mai a hancina, sai raina ya ɓaci. Kai za ka ce ƙamshi ne. Ni kuwa warin yaudara nake ji.

A da, a bayan layin dogo a Kafanchan akwai wani kamfani da ke niƙa citta yana tatsar mai daga cikinta. Injuna uku ne a ciki, manya, in suka tashi tare har kwanukan Mama a kwatas ɗin ma'aikata sai sun yi rawa. Da kaka motoci ke sauke buhuna daga Kachia da ƙauyuka, unguwa ta ɗau yaji, yara na ta atishawa. Baba ne mai hura wutar tukunyar tururi. Kawu, wan Mama, shi ne babban fita, shugaban masu ɗaura inji.

Kamfanin yana da al'ada. In damina ta sauka, citta ta ƙare, sai a kashe inji ɗaya, a warware shi har noti na ƙarshe, a baje a kan buhuna. Yara masu koyon aiki su ne za su mayar da shi. Wanda hannunsa ya fi, in inji ya tashi, kamfani zai tura shi makarantar fasaha a Kaduna, ya dawo injiniya. Mun ga waɗanda suka dawo. A majami'a bencin gaba ake ba su.

Saboda wannan Baba ya hana ni sakandare. Na ci jarrabawa fa, Fasto ya tako har gida yana roƙo. Baba ya ce, "Fasto, takarda ba ya gyara inji. Yaron nan injiniya zai zama." Ban yi kuka ba, don ni ma abin da nake so ke nan.

Na fara da shara da wanke ƙarafa a kananzir. In na riƙe sifana a karkace, Kawu ya ɗaka mini duka a yatsu. "Ɗan ƙanwata, wannan hannu ne ko rogo?" Na jure. Ina jiran daminata.

Ta kuwa zo. Muka warware inji na uku, muka jera kayansa, ruwa na dukan kwanon rufi, ni ina haddace inda kowane ƙarfe ya fito. A makon nan manyan kamfani suka turo sabon manaja. Mutumin da in zai leƙo ɗakin inji sai ya toshe hanci da hankici. Da aka gwada inji na ɗaya, aka tarar boris ɗinsa, zoben ƙarfen da sandar inji ke juyawa a ciki, ya cinye. Kawu ya ce a yi odar sabo. Manaja ya nuna buhunanmu da bakin takalmi.

"Ga wani nan a ƙasa. A ɗauka."

"Sa, wannan na yara ne. Da shi suke jarrabawa."

"Nan kamfani ne, ba makaranta ba. In kaya sun zo sai su ɗaura."

Kawu ya cire hula ya ce, "To, sa." Kawun da ke fasa mana yatsu! Ni ya aika na ɗauko boris ɗin, na sa shi a na ɗaya da hannuna.

Kaya ba su zo ba. Abin da ya zo sabuwar mota ce, da labule a ofis. Daga nan kullum maganar ɗaya ce: je ka ciro a na uku. Damina ta wuce, wata ta zo, na uku ya zama ƙashi, kaji na ƙwai a cikinsa. Sai aka koma cin na biyu. Ba a sake tura ko yaro ɗaya Kaduna ba. Tsofaffin injiniyoyi suka tattara suka tafi, ba wanda ya gaje su.

Na tambayi Baba me ya sa ba za su yi magana ba. Ya ce, "Haƙuri. Ubangiji na gani." Na san yana gani. Ku da aka ba baki fa? Da aka ƙara wa manajan nan girma zai koma Kaduna, dattawanmu har liyafa suka yi masa. Zumuntar matan majami'a ta yi waƙa, Baba ya sa kwat ɗinsa na Kirsimeti, Kawu ya yi jawabin godiya. Bai daɗe da tafiya ba jiniyar kamfani ta yi shiru.

Yanzu tsofaffin ƙarafa nake yankawa a sayar wa masu narkarwa. Da aka yi gwanjon abin da ya rage na kamfanin, ni mai sayen ya nema. Na shiga ɗakin nan, ciyawa har ƙugu, na durƙusa gaban inji na ɗaya. Hannuna bai yi shakkar ko noti ɗaya ba. A cikinsa na tarar da boris ɗin nan, ya yi tsatsa, yana zaune inda na sa shi.

Mai sayen ya ce, "Kai, dattijo, a ina ka koyi aiki haka?"

Na ce, "A nan."

Citta na nan a gonakinmu, ɗanya ake lodinta a kai wa waɗanda suka bar yaransu suka ɗaura inji. Ni kuwa ba injin da ba zan kwance maka ba kafin rana ta faɗi. Amma ga furfura a kaina, ban taɓa ɗaura ko ɗaya ya tashi ba.