Dattijon da Bai Yi Dariya Ba

A wani gidan tarihi a London ana nuna tsohon fim na tashar jirgin ƙasa ta Kano, tun zamanin da ake juya kyamara da hannu. Shi ya sa 'yan dakon gyaɗa ke ta zabga sauri a allo kamar tururuwa, ba murya. Turawa na ta dariya. Zailani, ɗalibin da kuɗin fetur ya kawo koyon aikin talabijin, ya fi kowa ƙyaƙyatawa, don kada a ce da shi ake.

Kusa da shi wani dattijo ne siriri, da tsagar gado a kumatu, cikin koɗaɗɗiyar kwat ta ma'aikatan jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wataƙila jirgin ruwa ne ya yar da shi nan tun yaƙin duniya. Wataƙila wuyansa ya san nauyin buhunan nan. Ko murmushi ba ya yi. Hannuwansa na buɗe a kan cinya, leɓɓansa na motsi.

Ya shafa fuska, ya dubi hular Zailani.

"Samari, mutanen nan duk sun riga mu gidan gaskiya. Na ce Allah ya jiƙansu, ban ji amin ɗinka ba."