Shekarar da Aka Dawo da Ƙwallaye

A Ka'akiyya, wata unguwa a Makka, aka haife mu, ni da Yayana. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Hajji, suka yi shekaru a Sudan kafin su ƙetare teku, daga nan ba su koma ba. Ina ƙarama mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ɗauki nauyina da na Inna. Dako yake yi a kasuwar kayan gwari. Abin da yake samu na cefane ne. Haya kuwa aikin Hajji ke biyanta.

Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, wani kamfani mai kula da tantuna a Mina yakan zo unguwarmu neman ma'aikatan 'yan makonni, masu ɗaukar kaya da shara da rabon ruwa. Wanda aka ɗauka sai a ba shi tasrihi, wato takardar izinin shiga wurin. Masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ƙuri'a.

A filin bayan masallaci ake yin ta, mu mata muna leƙe daga saman rufi. Kowa a ba shi lamba. A zuba ƙananan ƙwallaye farare masu lambobi cikin wani kejin waya mai mariƙi. Ladaninmu, tsoho mai raunin gani, shi ke juya kejin, ya sa hannu ya zaro, wakilin kamfani ya karanta da ƙarfi. Wata shekara Yaya ya samu, wata ya rasa. Idan ya rasa yakan shigo yana kaɗe sahu, ya ce, "Na ga tawa, Inna, tana can gefe, ta ƙi matsowa. Ma'alesh, ba komai." Ya ci abinci, washegari ya koma kasuwa.

Shekarar da na yi aure kamfanin ya daina amfani da keji. Aka ce yanzu kwamfuta ce za ta zaɓa, kowa ya jira saƙo a wayarsa. Saƙon Yaya ya zo da layi ɗaya na Larabci, wai ba a dace ba. Shekara ta zagayo, saƙon bai sauya ba. Ta sake zagayowa, haka. Inna ta sayar da 'yan kunnenta. Yaya ya bar wa ɗan haya ɗakinsa, ya koma kwana a saman rufi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ya kasa sabuntawa. Mutumin da bai taɓa zargin kowa ba ya fara zama cikin masu cewa 'yan uwan manya na'urar take zaɓa.

Mijina ɗalibi ne daga Zariya, hadisi yake karanta, amma kafin ya zo Makka ya taɓa karatun lissafi a boko. A gidanmu muka kama ɗaki. Wata rana bayan la'asar ina zuba musu shayi, Yaya ya dube shi.

"Malam, gaya min. Abin da ba shi da hannu, ta yaya yake zaɓe?"

"Lamba ɗaya take farawa da ita, Yaya, kamar daidai lokacin da aka danna ta. Sai ta yi ta jujjuya lambar da wani dogon lissafi, har ta fitar da abin da ba mai iya hasashensa."

"To ai mutum ne ya rubuta lissafin."

"Mutum ne. Idan ya rubuta da gaskiya, damarka a cikinta daidai take da damarka a keji."

"Idan fa ka ce."

"Kejin ma akwai 'idan' a cikinsa. Wata ƙwallon tana iya fin wata nauyi."

"Amma keji ina ganinsa da idona."

Yaya ya kurɓi shayi, ya ce, "Ko ma mene ne, na rasa, na rasa, na sake rasawa. Bana dai dole layi ya zo kaina."

Na yi wa Malam ido ya yi shiru. Bai gani ba, ko kuma ya gani ya kasa. Ya ce, "Babu layi, Yaya. Na'ura ba ta tuna bara, ƙwallo ma ba ta tunawa. Kai da wanda ya samu bara, daidai kuke bana."

Yaya ya ajiye kofin bai ƙarasa ba, ya fita. Na yi fushi da Malam kwana da kwanaki. Ya ce da ya sani da ya riƙe bakinsa, amma abin da ya faɗa haka yake.

Daga nan Yaya ya tashi haiƙan. Ya bi gida gida, ya tara mazan unguwa, suka je wurin wakilin kamfani. Suka je, suka koma, har mutumin ya gaji ya ce halas, shi ke nan, bana a unguwarmu da keji za a yi, kowa ya huta. Ban taɓa ganin Yaya da fara'a irin ta makon nan ba. Shi ya ɗauko kejin daga ma'ajin masallaci, ya kankare tsatsa, ya shafa wa mariƙin mai. Ya sayo sababbin ƙwallaye, ya zauna yana gwada su a tafin hannu ko akwai wadda ta fi nauyi. Har tsokanar Inna yake yi, wai ta fara zaɓen 'yan kunne.

Ranar ƙuri'a filin ya cika. Tsohon ladan ya riga ya rasu, sai aka ɗaure wa sabon ladanin ido da gyale. Aka zuba ƙwallaye a gaban kowa, ɗaya bayan ɗaya. Keji ya fara juyawa, ƙararsa tana zuwa mana har rufi. Inna ba ta hau ba, tana ƙasa da carbi. Ana kiran lamba, wani ya yi kabbara. Maƙwabcinmu, wanda na'ura ta yi ta zaɓa duk shekarun nan, wanda aka fi zagi a bayan ido, lambarsa ta sake fitowa. Ina kallon ƙeyar Yaya. Bai motsa ba. Guraben suka yi ta raguwa, aka zaro ta ƙarshe, wakili ya karanta. Ba tasa ba ce.

Mutane suka fara watsewa. Yaya ya taka zuwa kejin, ya buɗe, ya sa hannu yana tona ragowar. Ya daɗe yana nema kafin ya same ta. Tana ciki. Ba wanda ya cire ta, ba wanda ya ɓoye. Ya duba lambar, ya mayar, ya rufe kejin.

Da ya shigo gida bai kaɗe sahu ba. Ya zauna a ƙofar ɗakin Inna. Na kawo abinci, ya ture.

Ya ce, "Ƙanwata, lokacin na'ura ina da wanda zan ce ya cuce ni. Yanzu wa zan ce?"

Inna ta ce ya yi istigfari, rabo na Allah ne. Ya ce, "Na sani, Inna. Na sani."

Da alhazai suka fita Mina, shi ma ya fita, ba tasrihi. Ta kan duwatsu ya bi da ƙafa, ya riƙa ɗaukar wa mutane jakunkuna. Washegarin Arfa aka kama shi. Ba izini, ga iƙama ta mutu. Malam ya yi ta zirga-zirga, ba abin da ya yiwu. Tsohuwar takardar kakanmu ta ce mu 'yan Najeriya ne, saboda haka aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba. Ba mu samu yin sallama ba.

Da farko yakan kira. Ya ce ya samu dako a wata kasuwa, yana kwana a rumfa. Ya ce suna dariyar Hausarsa, suna kiransa Balarabe. Inna takan karɓi wayar ta saurari numfashinsa, ta miƙo min. Ba ta kai wani Hajjin ba. Aka yi mata salla a Harami, na kira shi na gaya masa. Ya tambaya wa ya ɗauki makarar. Na lissafa masa maƙwabta. Ya ce sun kyauta.

Bayan 'yan watanni lambarsa ta daina shiga. Da Malam ya gama karatu muka koma Zariya, na sa ya kai ni Kano, kasuwar da Yaya ya ce yana dako. 'Yan dako suka ce sun san shi, dogo mai cakuɗa Larabci a magana. Wani ya ce Legas ya nufa, wani ya ce a'a, ya ji yana tambayar motar Agadas. Na bar musu lambar wayata. Har yau ba wanda ya kira.