Malama da wayar da ba ta kai bencin baya

Matar nan tausayi take ba ni wallahi. Tana zaune a shagon caji, hannunta duk alli har gefen mayafi, sai hamma take yi tana kallon wata tsohuwar waya. Ina ga firamare take koyarwa.

Mai shago ya ce, "Malama, yau ma bidiyon bugun zuciyar ne?"

"Shi ne, ƙanena. Benci-benci nake bi ina nuna wa yara, kafin in kai baya wayar ta mutu. Na baya ba su taɓa gani ba."

Caji bai yi rabi ba aka ɗauke wuta. Ta zare wayar, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar.

"To, yau daga baya zan fara."