Rigunan da Kawu ya ɗinka mana

Mun gama makaranta cikin rigunan da aka ɗinka a Garo, ajinmu ya fi kowane aji haɗuwa a hoto, ni kuma na ja wa Kawuna asarar babbar kwastoma. Har yau na kasa gane ko abin kirki na yi.

Ni ne monita a ajinmu na Gwarzo, don haka ni aka ɗora wa sayo fararen rigunan da ake yi wa rubutu da alƙalamin maka ranar ƙarshe. Duk shekara Kano ake zuwa a kwaso 'yan waje, arha kamar banza. Ana saura sati uku na ci karo da wani bidiyo: mata a wata masana'anta can ƙetare, layi-layi a kan keken ɗinki, wai su wuni suna ɗinki amma ladan ba ya ciyar da su. Kai, abin ya taɓa ni! Kafin ya ƙare na watsa shi a guruf ɗin ajinmu na waya, na rubuta, "Gayu, ba za mu cashe da gumin bayin Allah ba. A gida za a ɗinka." Nan take guruf ya ɗau zafi. Wata ta ce, "Su monita an zama 'yan gwagwarmaya." Wani ya ce, "Mu dai kar a ƙara mana ko sisi."

Na hau mashin sai shagon ƙanin Ummata, tela ne a Garo. Muka gaisa, na zayyana masa komai, har bidiyon na nuna masa. Ya ƙura ido ya ce, "Allah sarki. Waccan hannunta ya faɗa."

"Kawu, nawa za ka yi mana?"

"Kai ɗan nan, ni da kai har da ciniki? Kawo abin da ya sawwaƙa."

Ni kuwa na miƙa masa daidai kuɗin 'yan Kano, na fito ina zuba sitatus.

Ranar biki muka kece raini. Na dawo gida da rigata duk rubutu, Umma ko kallon hotunan ba ta yi ba.

"Ka san abin da ka ba Kawunka a yadi ya ƙare? Ka san ya mayar wa wata Hajiya ta Kabo ankon bikin 'yarta don ya gama naku? Da kuɗin ankon zai sayi taki, ga masararsa ta kai gwiwa."

"Umma, shi fa ya ce abin da ya sawwaƙa."

"In babba ya ce maka haka ninkawa ake yi, sakarai."

Na koma guruf na faɗi gaskiya, suka yi min ca. "Ashe kai ne mai masana'antar!" Wasu suka turo ɗan abin da suka samu, wasu kuwa ko sisi. Na kai wa Kawu kuɗin, sai ya haɗe rai. "Ni za ka biya? Mayar da abinka aljihu."

Umma ta ce in sayi taki da su. Na ɗaura rabin buhu a mashin, na ce masa tsaraba ce. Wallahi sai ya karɓa yana murna, yana ta sa min albarka! Kuɗin nan ne fa. Haƙƙinsa ne na kawo ya ƙi, da na kira shi kyauta ya amsa. Ina tsaye ya ɗaga ragowar yadin ya ce, "Shi ma wannan ai daga can ƙetaren yake, ko ba ka sani ba?"

Masarar ta samu rabin abin da take buƙata. Hajiyar kuwa ta koma wajen wani tela, ba ta dawo ba.

Don Allah ku tura wannan ga monitocin da ke bayanmu, su karanta kafin su kai wa ɗan'uwa aiki.