Ranar da Na Ce wa Kawu Kamarad

Zamanin gwamnatin juyin juya hali na nemi aikin buga tafireta a wani ofis kusa da tashar jirgin ruwa. Saurin hannu kam ina da shi, gwajin baki ne ya dame ni. Lokacin an daina ce wa manya "mushe", yadda bakinmu ke faɗin kalmar girmamawa ta Faransanci. Kowa kamarad ne, wato abokin gwagwarmaya, kuma a tsaye ake gaisuwa.

Kawuna, dillalin shanu a Zongo, ya ce mu fara gwadawa a gida, shi zai zama mai tambaya. Ya kifa turmi ya zauna, ya ɗaure fuska. Ina shigowa na durƙusa.

"Tashi, kin faɗi!" in ji shi. "Sake shigowa, ki ce mini kamarad."

Bakina ya ƙi. Ƙanen uwata guda! Matan gida suka yi ta dariya har tuwo ya kusa ƙonewa. Da ƙyar na furta, ya tafa mini.

"Gara haka," ya ce. "Mutum da ransa a ce masa mushe?"

Na ci gwajin. Na dawo da gudu na durƙusa a gabansa, wannan karon kuwa bai ce in tashi ba.